Tuƙa

Shekara biyu ke nan a Sheffield
ina tauna dare guda.
Hanyar Leeds, ruwan sama, ƙarar birki,
wayar Sallau na ruri a ƙarƙashin kujera,
matarsa ke kira.

Da na bar shi ya tuƙa.
Da mun tsaya shan shayi.
Sun ce da-na-sani ƙeya ce,
ni kuwa wuyana ya ƙage wajen waiwaye.

Likita ta ce in riƙa rubutawa.
Layi uku na yi, biro ya tsaya.

Wata Lahadi na hau bas zuwa tsaunukan bayan gari,
na iske tumaki kwance cikin hazo
suna tuƙa.
Ciyawar ɗazu suke dawowa da ita baki,
a hankali, ba fushi,
har ta zama nono, ta zama ulu.
Na daɗe tsaye, takalmina ya jiƙe.

Yanzu duk Asabar ni ke kai Iklima, 'yar Sallau, koyon iyo.
A bas muke zuwa,
hannuna bai koma kan sitiyari ba tukuna.
Daren nan yakan taso mini har maƙogwaro.
Ina taunawa.
Wani lokacin yana wucewa.