Ƙusa Bakwai a Bangon Babana

Ranar Asabar na hau bene na uku da guduma a jaka,
ruwan birnin Gent na bin wuyan rigata kamar mai bin bashi.
Babana Firmin ya riga ya baje su a tebur:
takardu bakwai masu sheƙi, kwafin zanen mutanen da,
Yuro goma sha biyu kowace a shagon gidan tarihi,
firam ɗinsu kuwa daga 'yan gwanjon bakin kogi.

Na ce, Baba, yaushe ka fara son zane,
kai da kalandar kamfanin tarago ta ishe ka ado?
Ya ce, riƙe ƙusa, Lutgart, ajiye tambaya.

Ta farko mace ce mai jikin damisa,
fiffike a naɗe, ido rabi a rufe,
tana jiran matafiyi da kacici-kacici a baki.
Ya ce a sa ta a kicin, saman butar shayi.
Da na matsa kusa na ga dalili:
danshi ya zana taswira a bangon,
ita za ta kwanta a kai.

'Yan mata uku kan dutse a tsakiyar teku,
gashi kore, ƙafar tsuntsu, baki buɗe,
waƙar tasu ta maƙale a takarda.
Su aka ba tsagar da ke bayan rediyo.

Haka muka bi ɗaki ɗaki.
Farin doki mai fiffike ya sauka kan tabon hayaƙi.
Tsohuwa mai almakashi da zare ta tsare bakin ƙofa,
kwalekwalen dare ya tsaya inda fenti ya ɓare.
Wani saurayi da ya durƙusa yana leƙen fuskarsa a tafki
muka kai shi banɗaki,
Baba ya yi dariya har ta koma tari.
Shuɗin nan ba na asali ba ne, in ji shi,
injin ya cika masa ruwa,
zinariyar ma gwaiduwar ƙwai ce kawai.
Amma da babu gara ba daɗi.

Saura ɗaya.
Ya ɗauke ta da kansa zuwa ɗakin barci,
inda bango ya yi fari a wurin madubin mamata,
ba danshi, ba tsaga,
fari kawai, mai kusurwa huɗu.

Mutum ne da garaya a hammata
yana fitowa daga bakin kogo.
A bayansa mace cikin farin mayafi,
ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.
An ce masa, tafi da matarka, amma kada ka waiwaya.
Mai zanen ya kama shi daidai lokacin
da wuya ya soma juyawa.

Baba ya daɗe a tsaye.
Ya ce, shekara talatin ina tuƙa taragon titi,
ido ɗaya a gaba, ɗaya a madubin baya.
Waiwaye ne abincina.
Ban taɓa rufe ƙofa a kan jakar kowa ba,
ban bar tsohuwa tana gudu a ruwa ba.
Safiyar da Godelieve ta ce in je in sayo burodi,
tana zaune nan, tana taje kai,
na fita ina lissafin canji.
Ko daga bakin ƙofa ban juyo ba.

Wannan, ya nuna mai garayar da haɓa,
ana cewa ya yi wauta.
Shi dai ya gan ta.

Na buga ƙusa, na sami babban yatsana,
na sake bugawa, bangon ya karɓa.
Firam ɗin ya karkata hagu kaɗan.
Na miƙa hannu, ya ce bar shi haka,
madubin ma bai taɓa tsayawa daidai ba.

Muka sha shayi a ƙarƙashin damisar,
ba ta tambaye mu komai ba.

Da magariba na sauko, yatsa na zogi,
tarago na kaɗa ƙararrawa a kwanar titi,
in na yi sauri zan same shi.
Na tsaya a ruwan, na ɗaga kai.
Taga ta uku daga dama, labule a janye,
yana nan, hannu ɗaya a gilashi.
Na bar taragon ya wuce.