Matakala Ɗari da Goma Sha Huɗu

A Valparaíso gidana yana kan tudu,
matakala ɗari da goma sha huɗu daga bakin titi.
Amparo ce ta ƙirga su shekarar da muka tare.
Ni ban taɓa damuwa da lissafin ba
sai ran da Canelo ya tsaya a ta sittin,
ya zube, harshe waje,
yana huci kamar zugazugin maƙeri.
Ya dube ni, na dube shi,
teku na can ƙasa tana sha'aninta.

Karenta ne. Ta tafi ta bar mini shi
da tukwane biyu da ban san kansu ba.
Tun daga nan abin da na ci shi ya ci:
gefen burodi mai man shanu,
ɓawon empanada,
kitsen da ya daskare a gindin kasko,
har cukun da na ce na ɓoye wa kaina.
Kujerarta ba kowa,
sai hannuna ya koyi hanyar ƙarƙashin tebur.
So hana ganin laifi.

Likita Ximena ta ɗora shi a sikeli, ta ja tsaki.
Ta kama hannuna ta aza a gefen ƙirjinsa.
"Don Evaristo, laluba. Ka ji haƙarƙari?"
Na laluba. Taushi kawai, kamar matashin kai.
"Kilo bakwai ya ƙara. Wa ke ba shi?"
Na ce maƙwabta.
Ta dube ni ta saman tabarau
har sai da na sunkuyar da kai.

Ta yi rubutu, rubutun likita, kamar tafiyar tsutsa:
a auna da kofi, safe da yamma, ban da ƙari;
ruwa mai tsabta kullum a kwano;
albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan, ko ɗanɗane;
dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki hanji.
In ya matsa da roƙo, ɗan yankan karas.
Kada a sauya masa cima dare ɗaya,
a riƙa gauraya sabo da tsoho har mako ya zagayo.

A kanti na tsaya gaban buhuna goma sha,
kowanne da hoton kare yana dariya.
Na juya bayansu, inda ƙananan haruffa suke ɓuya,
na bi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya.
Wannan masara ce a gaba, nama can a wutsiya.
Wancan kaza ce farko, an ce na tsofaffi ne.
Na ɗauki na tsofaffi. Mu biyun duk mun cancanta.

Kwana uku yana gaba da ni.
Ya shinshina kwanon, ya juya mini ƙeya,
ya je ya kwanta kan silifas ɗin Amparo
kamar mai kai ƙara.
Na zauna da burodina, ya ƙi wucewa a maƙogwaro.
Daren na huɗu na dafa kabewa ba gishiri,
na zuba masa cokali biyu a kai,
sauran na ci da kaina a tsaye.
Ya lashe kwanon har ya tura shi bakin ƙofa.

Yau wata biyar ke nan.
Sannu ba ta hana zuwa.
Yatsuna sun fara samun haƙarƙari, ɗaya, biyu, uku,
ni ma na ƙara huda a bel ɗina.
Da safe mun dawo daga kasuwar kifi,
ya wuce ta sittin bai ko waiwaya ba.
A ta casa'in ni ne na tsaya, na dafa bango.
Ya sauko taki uku,
ya zauna kusa da ƙafata yana jira,
hancinsa a aljihun da karas yake.