Mai Ɗaure Murfi

Aikina a tashar Horta ba shi da wuyar faɗa:
noti goma sha biyu, sufana ɗaya.
In rufe mutum uku cikin ƙwan gilashi,
in buga murfin sau biyu da tafin hannu,
ƙugiya ta ɗaga, teku ya karɓa.
Saura kuma jira.

Shekara bakwai ina tura baƙi ƙasa,
ni ban taɓa wuce inda numfashina ke kai ni ba.
Kuɗin kujera guda
ya haɗiye albashina na wata tara.

Suna zuwa da takardar da suka sa wa hannu
cewa in ta ɓaci, ba mai laifi.
Wani likitan haƙori daga Hamburg ya ba ni ajiyar agogo,
ya karɓe, ya sake miƙo mini.
Kowannensu, kafin murfi ya sauka,
sai ya ɗaga kai ya dubi sama
kamar wanda ya yi mantuwa a can.

Ran wata Talata wani ya fasa,
amai ya kwantar da shi a otal.
Kujera ga ta nan, an riga an biya.
Matuƙiyarmu Graciete ta ce, "Telmo, yau fa?"
Bakina ya buɗe zai ce to,
sai idona ya faɗa kan Dona Zulmira
a bakin gaɓa, da kwandon gurasar masara da take sayar mana.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da kwalekwalen mijinta Abílio ya ratsa tsakanin Faial da Pico,
ko hularsa ba ta dawo ba.
Tun ranar ba ta sa kifi a baka ba.

Ta tuɓe takalmi ta jera su gefe
kamar mai shiga ɗakin mutane.
Ta miƙo kwando: "Sha huɗu ne, na ƙirga."
Ita kaɗai ce ba ta dubi sama ba.
Na ɗaure notina,
na sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Oba-oba na tari a hannuna.
Mita ɗari biyu, shuɗi ya soma ƙarewa.
Ɗari biyar.
Ɗari takwas.
Sai muryar Graciete ƙasa-ƙasa:
"Ta ce in kashe fitilu."

Minti tara ba wanda ya ce uffan.
Dutsen Pico ya sa hular gajimare, ya cire.
Na cinye gurasa ɗaya ban sani ba.

Rana ta karkata suka ɓullo.
Na kwance murfi, sanyin can ƙasa ya mare ni.
Ta fito gwiwa na rawa, ta ƙi kama hannuna.
Ban tambaye ta ba. Ita ce ta ce:

"Na ɗauka duhu zalla na bar shi a ciki.
Ashe akwai 'yan fitilu, Telmo, masu rai,
wannan ta kunnu, waccan ta mutu,
kamar ka hango garinmu daga ruwa a daren biki.
Wani abu mai kama da lema ya leƙo mu ya wuce,
ko a jikinsa.
Ga wani farin yayyafi da ke sauka a hankali,
ba ya ɗaukewa.
Wurin shiru ne.
Da ma Abílio ba ya son hayaniya."

Ta sa takalminta, ta leƙa kwando.
"Sha uku. Yuro ɗaya da rabi."
Na biya.

Tun daga ranar ba wanda ya sake fasawa.
Har yau ni ne a sama, ni da sufanata,
ina sauraron lambobi suna nisa.
Amma jiya da magariba na bi ta ƙofar gidanta,
taga a buɗe,
na ji ƙamshin kifi a kan garwashi.