Gwaji a Shagon Tasi'u

Na saye ta a Kasuwar Barci
shekarar da aka haifi Ummita.
Yau Ummita tana aji uku a sakandare,
ita kuwa tana nan bisa tebur,
harafin A ya goge saboda dannawa,
kusurwar hagu ɗaure da salatif.

Da ita na buga wa 'yan Poli aikin kammala karatu
fiye da yadda zan iya ƙirgawa.
Wasu sun zama injiniyoyi.
Ɗaya ya wuce ni a Kawo cikin farar mota,
bai gane ni ba, ban yi fushi ba.

Bana ta soma nishi.
Na rungume ta zuwa Tudun Wada,
Tasi'u ya ce, Baba, sabuwar Windos za mu ɗora mata.
Ya zura filashi, muka zuba ido.
Ta yi shiru, ta yi shiru,
sai ga rubutu a allo:
wannan inji bai cika sharaɗi ba.
Na tuna takardar da aka miƙa wa yayana
a ƙofar masaƙar Kakuri,
layi biyu, babu ko gaisuwa.

Tasi'u ya san wata ƙofar baya,
ya cusa mata ita da ƙarfi.
Muka kunna. Na je na yi alwala,
na yi la'asar, na sayi gyaɗa wajen Asabe,
na dawo na tarar da da'irar nan tana ta juyi,
fanka tana kuka kamar Keke Napep a kan tudu,
gindinta zafi, sai ka soya ƙwai.
Baƙo ya fi ɗakin girma,
ya miƙe ƙafa a ƙwaƙwalwarta,
ya bar ni a bakin ƙofa da takarduna.

Habila mai gyaran waya ya leƙo ta labule:
Kayan tirela kuke ɗora wa jaki?
Ya ciro nasa filashin daga aljihu,
wai Linuks, ƙarama, marar nauyi, kuma kyauta.
Tasi'u ya ce abin kyauta ciwon kai ne.
Habila ya ce to a sa agogo.

Aka sa agogo.
Sabuwar Windos, minti huɗu da 'yan kai
kafin ta yarda a taɓa ta.
Tsohuwar, wadda na saba da ita, minti ɗaya da rabi,
sai dai masu ita sun daina yi mata kwaɗo,
kowane ɓarawo na iya turo ƙofa.
Ta Habila, daƙiƙa arba'in.
Na ce a sake, ban yarda ba.
Arba'in da biyu.

Nan NEPA ta ɗauke wuta.
Batirin da ba ya kai ni ƙarshen shafi
ya riƙe har muka gama musu.

Ba zan ɓoye ba, firinta ta yi yaji kwana biyu.
Jadawalin wani ɗalibi ya karkace,
ya zo yana min tsawa a gaban mutane.
Kome ya sauya wuri
kamar an share ɗakinka ba ka nan.
Ina da hamsin da tara
ina tambayar yaro inda ake kashewa.
Amma Habila ya nuna min lungun
da ƙ da ɗ da ɓ suke zaune,
haruffan da na yi shekaru ina yi wa ƙugiya da biro.

Har yanzu in na bi ta shagonsa
Tasi'u kan ce, Baba, ka sayi sabuwa ka huta.
Nakan ce, da wane kuɗi?
Ya yi dariya, in yi dariya.

Da safe ina buɗe ta,
in zuba shayi.
Kafin ya huce ta riga ni shiryawa.
Salatif ɗin ya soma ɓallewa,
sai na aiki Ummita ta sayo wani.