Zo Ki Gaya wa Aaltje

A kwamfutata ƙasa mai ladabi ce.
Hawa uku na yi mata:
yashi a sama, laka a tsaki, ruwan gishiri can ƙasa,
kowane hawa da lambarsa,
ba tsutsa, ba saiwa, ba ƙashin kowa.

A ciki na kwantar da kebul uku,
zurfin mita ɗaya da rabi,
kai da kai, zaman duwatsun murhu,
don abin da wannan ya hura, wancan ya haɗiye.
Wuta na gudu cikin jan ƙarfe
amma inuwarta ba ta zaman gida.
Zobe-zobe take fita, maganaɗisu,
kamar an jefa tsakuwa a tafki,
tana sirancewa, tana sirancewa,
har allo ya koma shuɗi.
Shuɗi lafiya ke nan.
Na sa hannu: Sjoukje Terpstra, injiniya.

Ran Talata Auke Bouma ya bugo waya
daga gonarsa a bayan Franeker.
"Shanuna sun ƙi kwamin ruwa,
madara ta ja baya."
Na ce lissafi ya ce ba komai.
Ya ce, "To, zo ki gaya wa Aaltje."

Aaltje baƙa ce da farin goshi.
Taku biyar tsakaninta da ruwa ta coge,
ƙishi na cin ta,
ta ɗaga ƙafar gaba, ta mayar.
Ni na ratsa wurin sau uku ban ji komai ba,
ga takalmin roba, ga gajeren taku.
Ita kofato huɗu ta kafa a jiƙaƙƙiyar ciyawa,
na gaba nesa da na baya,
abin da ke bin ƙasa ya hau ta nan, ya sauka ta can,
ya bi ta ƙirjinta.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na soka sanduna huɗu a jere, iskar teku na dukan kunnena.
Lamba ta fito.
Na sake sokawa, ta sake fitowa, ba kunya.

Da shebur muka samo shi, wajen la'asar:
tsohon bututun ƙarfe, tsatsa ta ci rabinsa.
Auke ya tsuguna ya shafa.
"Aikin mahaifina ne. Douwe bai taɓa rubuta komai ba."
Bututun ya taso daga gindin rumfar taransifoma,
inda muka binne sandunan da ke miƙa wa ƙasa rarar wuta,
ya miƙe ɗoɗar har ƙarƙashin kwami.
Wuta ba ta neman taswira,
inda ya yi mata sauƙi can ta fi bi.

Da dare na zana shi a kwamfuta,
layi ɗaya, mita arba'in.
Injin ya yi ta nishi minti tara,
sai ga jan zare ya keta shuɗina
ya tsaya daidai inda Aaltje ta tsaya.

Mun yanke bututun, mun kewaye kwami da zoben jan ƙarfe.
Sai da ta kwana uku kafin ta yarda ta sha.
Ban ga laifinta ba.

Yanzu in allo ya yi shuɗi
nakan jima ina kallonsa,
alƙalami a hannu, murfi a rufe.
Douwe nawa ne suka yi haƙa a lardin nan
suka mayar da ƙasa, suka tafi cin abinci?