Ma'aunin Anselmo

A Porto, kan gangaren da ke sauka kogin Douro,
shagona taku huɗu ne ka ƙure bango.
Shekara arba'in da ɗaya ina zaune a nan,
madubi a ido, sikeli a dama, safar auduga a hannu,
ina karanta fuskokin sarakunan da ƙasa ta daɗe da ci.

Ba a kama kwandala ta fuska.
Ta gefe ake ɗauka, a hankali, kamar ƙwai.
Yatsa na da gumi, gumi na da gishiri,
shi kuwa ƙarfe ba ya mantuwa.

Da gashin sarki nake farawa, nan tsufa ke fara sauka:
saman kunne, ƙashin kunci, bakin kambi.
In silin gashi ya fito ɗai-ɗai, sai in riƙe numfashi.
In ya shafe sumul, to ta sha yawo,
ta sayi burodi, ta biya kuɗin fito,
ta kwana a aljihun masunci mai ƙarnin kifi.
Sai in karkata ta ga haske in nemi ƙwarzane,
in ɗora ta kan yatsa in ƙwanƙwasa.
Azurfa dogon amo gare ta.
Jabu na cewa ƙwas, ta yi gum.

Ran wata Talata, ana yayyafi, Graciete ta shigo
da gwangwanin biskit ɓoye cikin kwat.
Na mijinta ne, Custódio, wata uku da rasuwa.
Ta buɗe, haske ya mare ni.
Talatin da biyu, kowace na ƙyalli kamar sabon cokali.
"Dare biyu na yi ina dirza," in ji ta,
"da lemon tsami da toka.
Ban so in kawo maka su da dauɗa ba."

Na daɗe ina gyara sikelin da ba abin da ya same shi.
Ta ina zan ce mata dauɗar ce kuɗin?
Duhun da shekara ɗari da hamsin suka shimfiɗa sannu-sannu,
shuɗi-shuɗi, kore-kore, kamar wuyan tantabara,
ta wanke shi tas, da ƙauna, da farce.
Garin neman gira an rasa ido.

Na faɗa mata, don ma'auni bai san kunya ba.
Wannan rabin darajarta ya tafi.
Waccan, sai dai a biya nauyin azurfarta.
Na rubuta lambobi, ta bi alƙalamin da ido.
Ba ta yi kuka ba. Ta dai ɓalle maɓalli, ta mayar.

Har ta kai ƙofa ta dawo.
Daga jaka ta zaro hankici mai ƙulli biyu.
Tagulla ce, vintém, irin da nake zubawa a kwano
yara su tsinta uku kan kuɗin kofi.
"Ita ban taɓa ba. Kullum tana aljihunsa."

Na sa madubi don kada ta ce na raina.
Sarki ya zama inuwa, shekarar ta ɓace saura lamba biyu.
Amma a fili, bayan ƙeyar sarkin,
ga zanen babban yatsa ya ci ƙarfe,
layi bayan layi, kamar kunyoyin gonar inabi a kan tudu.
A littafina wannan aibi ne.
Yana sauke kwandala mataki biyu.

Na cire madubin daga wuyana na miƙa mata.
Na nuna mata yadda ake kanne ido ɗaya,
yadda ake matso da ƙarfen har ya daina rawa.
Ta ce, "Af."

Jirgin titi ya wuce, gilashin taga ya karkaɗa.
Wani ya leƙo da zinariya a ambulan,
na ɗaga masa hannu, ya dawo gobe.
Shayina ya huce.
Tana nan tsaye, ruwa na ɗiga daga kwat ɗinta
kan katakon da na share da safe.