Ɗinkin Ciki

A Braga, ranar wata Asabar mai yayyafi,
Ermelinda ta shiga kantin nan mai gilashi har sama,
kuɗin fansho a ƙulle cikin hankici.
Duarte, jikanta, zai cika sha biyu ranar Talata.
Riga ya ce yana so, shuɗiya, mai aljihu a ƙirji.

Ga su nan jere kamar kifin da aka shanya,
yuro huɗu kowace.
Ba ta tsaya kan launi ba.
Ta juya rigar ciki waje,
don shekara talatin da ɗaya ta yi a bakin keke
kafin a rufe masana'antar, a sayar da kekunan a kan sikeli,
kuma ta san ɗinki ba ya ƙarya daga ciki.

Nan a hammata zaren ya yi tsalle biyu.
Hannun nan ya gaji, ta ce a ranta,
tara na dare ne, ko goma,
akwai wani tsaye a bayanta yana ƙirga.
Nan a wuya kuwa an koma an gyara,
ba wanda ya sa ta, ba wanda zai biya ta.
Ermelinda ta shafa wurin da babban yatsa
kamar mai gaisawa da ƙanwa ta kan katanga.

Can gangaren titi akwai shagon Amilcar,
rigarsa yuro talatin da takwas,
ya san sunan duk wadda ta ɗinka masa.
Talatin da takwas: maganin hawan jini ke nan,
da gas, da rabin kuɗin wuta.

In na saya, da hannuna a cikin gajiyarta.
In na bari, wa ya ce gobe za a ƙara mata sisi?
Ƙila ma a ce kaya sun yi kwantai, a sallame ta,
yadda aka tara mu a farfajiya wata Juma'a
aka miƙa wa kowa ambulan, aka ce mun gode.

Ta daɗe a tsaye har mai gadi ya fara kallonta.

Ta biya huɗu. Ba ta karɓi leda ba.
A gida ta yaye zanen da ke kan tsohon kekenta,
ta ɗiga masa mai, ta farke hammatar,
ta bi layin a hankali, ba mai ƙirga mata.
Gyaran wuyan ta bar shi yadda yake.

Ranar Talata Duarte ya saka, ya juya gaban madubi,
ya cusa hannu a aljihu, ya ce, Kaka, wa ya ɗinka?
Ta ce, mu biyu ne.
Ɗayar ban san sunanta ba,
kuma tana bina bashi.